Wanda Ya Riƙe Igiya Shi Ne Mai Kare



Akwai wata al'ada da ta fara leƙo mu ta kan katanga, kuma gara a yi maganarta tun yanzu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu hali a Bodija da Jericho da Oluyole da Akobo sun cika gidajensu da manyan karnukan ƙetare, irin su Alseshan da Rotwaila da wannan ƙaton na Afirka ta Kudu da suke kira Bowabul, wanda namijinsa in ya girma ya fi buhun shinkafa mai kilo 50 nauyi. Wannan ruwansu ne, gidansu ne, kuɗinsu ne. Abin da ya shafe mu shi ne yadda wasunsu suka koyi neman wanda zai fitar musu da karen yawo, ko ya zauna da shi in sun yi tafiya Legas ko Landan, a kyauta, wai aikin sa-kai ne na masu son dabbobi. A waya ake sanarwa, duk wanda ya ga zai iya sai ya zo ya karɓi igiya. Mai karen bai san shi ba, karen ma bai san shi ba. To, cikin masu zuwa karɓar igiyar nan an fara ganin samarinmu: ɗalibai, 'yan acaɓa, ƙannen masu gadi. Wani don ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, wani kuma yana fatan oga zai tuna da shi ranar da wani aiki ya faɗo.

Matsayinmu a taƙaice shi ne: kuskure ne mai kare ya miƙa igiyar karensa ga baƙon da bai sani ba, kuma kuskuren ɗanmu da ya miƙa hannu ya karɓa ya fi girma, domin shi ne zai biya in abu ya ɓaci.

Mu fara da inda abin ya fito, saboda masu kare shi da cewa suke yi ai haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Gaskiya ne, ana yi. A Ingila akwai wata ƙungiyar agaji mai suna Cinnamon Trust, an kafa ta a 1985, wadda 'yan sa-kanta ke fita da karnukan tsofaffi da marasa lafiyar da ba sa iya fita. Akwai kuma wani kamfani mai suna BorrowMyDoggy da ya fara a 2012, yana haɗa mai kare da wanda ke son aron kare ya yi yawo da shi. Mutanen can da yawa su kaɗai suke zaune, tsohuwa ba ɗa ba jika a kusa, karen ne abokin hirarta. Ba mu raina tausayin da ke cikin wannan ba.

Amma a duba ƙasan da suka gina abin a kai. Ingila ta rabu da ciwon haukan kare a cikin karnukanta tun 1922. Tun 2016 dole ne a can kowane kare a dasa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za ta nuna mai shi. Ƙungiyoyin nan suna bincikar mai sa-kai kafin su ba shi kare, su san sunansa da inda yake zaune, kuma akwai inshorar da za ta biya in karen ya ji wa wani ciwo. Duk da wannan shiri, dokarsu ta karnuka masu haɗari ta 1991 ba ta tsaya a kan mai kare kaɗai ba. Duk wanda karen ke hannunsa a lokacin da ya ƙwace ya afka wa mutum, shi ma doka za ta kama shi, kuma in an yi rashin rai hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 14. Wato su kansu masu al'adar sun san wanda ya riƙe igiya ya ɗauki nauyi.

Mu kuwa me muka ɗauko? Igiyar kawai. Babu rajista, babu inshora, babu mai binciken kowa, babu takardar da ta ce in kaza ya faru wane zai biya. Zanen aro ba ya rufe katara, jama'a. Kowa ya daka rawar wani, sai ya rasa turmin daka tasa.

Na farko a cikin abin da muke tsoro shi ne ciwon haukan kare, wanda yake nan da ransa a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare suke ɗauka. Wajen kashi 40 cikin ɗari na masu mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon yana cikin miyan bakin karen, yana shiga ta cizo ko yaƙushi, ko lasar da ta faɗa kan buɗaɗɗen rauni. Ya kan ɓoye a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Mutum ya manta ma an taɓa cizonsa. Ranar da alamu suka bayyana, ya fara firgita, ya kasa haɗiyar ruwa, to likita ba shi da abin yi sai rage masa raɗaɗi. Allah Ya tsare mu.

Za a ce ai karnukan masu kuɗi ana yi musu allura. Wasu ana yi, wasu an yi sau ɗaya tun suna 'yan kwikwiyo aka manta, alhali allurar sabunta ta ake yi. Ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar, ga asibitin dabbobi na gwamnati nan Mokola ƙafa da ƙafa da mu, ga na Jami'ar Ibadan. Hanya a buɗe take ga mai niyya. Tambayarmu ita ce, cikin samarinmu da ke karɓar igiya, wane ne ya taɓa cewa oga nuna mini katin allurarsa? Ba mai tambaya, don kunya da gudun kar a ce masa baƙauye. Kuma ko karen gidan yana da allura, a kan hanya zai haɗu da na bola waɗanda ba su da ita. In faɗa ya kaure tsakaninsu, hannun yaronmu ne a tsakiya.

Na biyu, ƙarfin karen da halinsa. Kare mai gidansa ya sani, muryarsa yake ji. Mai shi ya san abin da ke tsokano shi: ƙarar babur ce, akuya ce, yaro mai gudu ne, ko mai tallan da ya ɗaga faranti sama. Baƙo bai san ko ɗaya ba. Sa'annan yawancin karnukan nan don gadi aka saye su, an horar da su su ƙi baƙo, yini suke a keji ana sakinsu da dare. Ka ɗauko irin wannan ka damƙa wa saurayin da nauyinsa bai kai na karen ba, ka ce ya bi da shi ta titin da 'yan makaranta ke tasowa, babu ko takunkumi a bakinsa. Haba! Wa ke jan wa a nan?

Yanzu mu zo ga addini, don mun ji ana ta jefa maganganu ta ɓangare biyu, kowa da rabin karatunsa. A mazhabar Imamu Malik da muka taso a kai, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har kare, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne na ibada. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne. Saboda haka wanda ya ce duk wanda ya taɓa kare ya fita daga addini, ya faɗi abin da malamai ba su faɗa ba. Alƙur'ani ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mafarauci, kuma ya ambaci karen Ashabul Kahfi. A hadisi ingantacce an gafarta wa mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. An kuma azabtar da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa. Masu jifan kare da dutse ba gaira ba dalili, su ji tsoron Allah.

Amma a ɗaya gefen, hadisai sun zo cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake. Malamai sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan in akwai buƙata. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. To wannan lalura ce. Ina lalurar saurayin da ya bar shagon babansa ya tafi Bodija yawo da karen wani don hoto?

Wurin da ya fi shafar maganarmu a fiƙihu shi ne babin lamuni. A Risala ɗin nan da muke karantawa a zaure bayan Magariba, hukuncin a fili yake: mai kora dabba, da mai jan ta, da mahayinta, su ke ɗaukar lamunin abin da ta taka. Ba a ce sai mai ita ba. Malamai sun kuma ce mai kare mai cizo da aka yi wa gargaɗi bai ɗauki mataki ba, ɓarnar da karen ya yi tana wuyansa. Ka ga ke nan nauyin bai sauka daga kan mai kare ba don ya ba da igiya, kuma ya hau kan wanda ya karɓa. Dokar laifuffuka da ake aiki da ita a jihohin Kudu ma haka ta tafi: wanda dabba ke hannunsa ya yi sakacin da zai jefa mutane cikin haɗari, ya yi laifi. Shari'a da dokar ƙasa da dokar Ingila duk sun haɗu a kan abu ɗaya. Yaronmu ne kawai bai sani ba.

Wallahi abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ce 'yan Sabo ne za a koya wa yadda ake ba da amanar dabba. Unguwar nan tun 1916 take, kuma a kan shanu da goro ta tsaya. Bafatake ya taso daga Arewa da garkensa, bai san kowa a Ibadan ba, bai taɓa miƙa saniya ga wanda ya tsinta a hanya ba. Wurin maigida yake sauka, mutumin da ke da gida da suna da abin da za a kama. Maigida ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauci bashi, in mahauci ya ƙi biya maigida ne zai tsaya. Haka ake yi a kara har gobe. Kakanninmu ba su yi boko ba, amma sun san ba a ba da abu mai rai sai da wanda zai tsaya a kai. Yau jikokinsu ke karɓar dabbar da ta fi saniya haɗari daga hannun mutumin da ba su san cikakken sunansa ba, babu shaida, babu mai tsayawa.

A yi tunanin ranar da abu ya ɓaci. Karen ya fizge ya shiga titi mota ta buge shi, ko ya ɓace, alhali mai shi ya saye shi da kuɗin da ya fi na sabon babur. A fiƙihu wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci. To je ka karanta wa ɗan sanda wannan babin a caji ofis. Oga zai ce sayar da shi aka yi, kuma wa zai ƙaryata shi? Ko kuma bayan wata uku ɓarayi su shiga gidan. Tambayar farko da za a yi ita ce, wane ne karen ba ya yi wa haushi? Wane ne ya san inda kejin yake da lokacin da ake sakinsa? Sunan yaronmu zai fara fitowa, ko da yana kwance a ɗakin uwarsa a daren. Su waye za su bi sawu da kuɗin beli? Mu ne dai, da Sarkin Hausawa da dattawan masallaci, mu bar kasuwa mu yini a tsaye.

Mafi girma duka, mu baƙi ne a garin nan, ko da an haifi kakan mutum a Sabo. Zaman lafiyarmu da maƙwabtanmu Yarabawa shi ne jarinmu, kuma mun ga yadda ƙaramin abu ke zama gobara. Ba mu manta Shagamu a 1999 ba, ba mu manta Idi-Araba a 2002 ba. A Fabrairun 2021, nan Shasha, daga cacar baki kan kayan da suka zube a gaban shago aka kai ga rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, na namu da na maƙwabta. To a ce kare ya ƙwace daga hannun ɗan Sabo ya yayyaga 'yar wani a bakin titi. Kafin a gano cewa mai karen wani attajiri ne da ke Landan, labarin da zai zaga gari a waya shi ne Bahaushe ya sakar wa yarinya kare. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Uwar yarinyar ba ta ga oga ba, wanda ta gani da igiya shi ta sani, kuma tana da gaskiya ta yi kuka.

Mun san abin da samari za su ce. Za su ce Malam, taimako ne, ai Musulunci ya ce a taimaki maƙwabci. Na'am. In tsoho ne maƙwabcinka ya kwanta ciwo, karen gadinsa na keji ba ruwa ba abinci, ka zuba masa, ka sami ladan mai huffi in sha Allahu. Wannan maƙwabci ne da ka sani, kare ne da ya san ka, kuma bai bar gidansu ba. Amma mai motoci uku da ke iya biyan ƙwararren mai horar da karnuka, ya zaɓi na kyauta, wannan ba mabuƙaci ba ne, araha yake nema. In kuwa zafin aikin lada ne ke damun ku, ga marasa lafiyarmu a asibitin UCH da ba su da mai jinya, ga tsofaffi a lungunan Sabo da ba mai ɗebo musu ruwa, ga maƙabarta na son shara, ga magudanun ruwa sun toshe tun kafin damina.

Za su kuma ce hanya ce ta sanin manyan mutane. Ɗana, wanda ya san ka a matsayin mai ja masa kare kyauta, a nan zai ajiye ka. Ba a shiga gidan babban mutum ta ƙofar keji a fito ta falo.

Sai 'yan uwanmu masu gadi, waɗanda su ba sa-kai suke yi ba, dole ce ake ɗora musu. An ɗauki mutum ya tsare ƙofa, sannu a hankali aka ƙara masa wankin kare da kwashe kashinsa da cire masa kaska da fita da shi, albashi bai ƙaru ba. Ba mu ce kowa ya bar aikinsa ba, mun san halin da ake ciki. Amma a yi magana tun farko a gaban wanda ya kawo ka aikin. A nuna maka katin allura. A sayi takunkumi da igiya mai ƙarfi. A yarda a gaban shaida cewa in ya ciji wani, ko ya cije ka, magani da duk abin da ya biyo baya na mai gida ne. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya gaya maka inda zai tsaya ranar wahala.

Ga masu karnuka kuma, in wannan takarda ta kai gare su, har da 'yan uwanmu Hausawa da Allah Ya buɗa wa suka koma sababbin unguwanni: wanda ba shi da lokacin kare kada ya saya. Dabba amana ce, za a tambaye ka cinta da shanta da lafiyarta. Mai tumaki ba ya ba wanda ya gani yau kiwo, balle abin da ke da haƙora.

Abin da muke roƙo a wurin jama'a kaɗan ne. Iyaye su tambayi 'ya'yansu ina suke zuwa da yamma. Shugabannin 'yan acaɓa da na masu gadi su sanar da mutanensu a taronsu na gaba. Limamai su taɓo maganar a huɗuba ko bayan salla. Kuma kowa ya riƙe wannan, ya koya wa matan gida da yara: in kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Kada a tsaya shafa toka ko barkono ko ɗaure wurin da tsumma. Allurar rigakafin ba guda ɗaya ba ce, a jere ake yin ta a ranaku daban-daban, kuma sai an cika ta. A yi addu'a, a sha rubutu in ana so, amma a je asibiti, don wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi. Yaro kuma kada a dake shi in ya zo ya ce kare ya cije shi, don tsoron duka ke sa su ɓoyewa har lokaci ya ƙure.

Duk wanda aka miƙo wa igiyar karen da bai sani ba, ya ce a yi haƙuri, ya mayar da hannunsa aljihu. Ba rashin wayewa ba ne, sanin ciwon kai ne.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.